Koren Yadi a Kan Baƙin Dutse: Waiwaye Kan Teburin Sunuka a Kaduna

Duk wanda ya san GRA ta Unguwar Rimi shekara 30 da suka wuce ya san irin gidajenta: gida ɗaya tak a tsakiyar makeken fili, da baranda, da ɗakunan boyi-boyi a baya, da itatuwan mangwaro da darbejiya waɗanda suka girmi masu gidan. Yanzu ana ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Magada su raba kuɗi, mai saye ya kawo katafila, ya yanka filin gida huɗu ko shida ya tada benaye. Kafin katafila ta iso sai an kwashe kaya. Kujeru da gadaje da kabad ɗin littattafai ba su da wuya, a-kori-kura ɗaya ta ishe su. Abin da kan gagari masu kwasa, a gidan da ke da shi, shi ne teburin sunuka. Ƙarti shida su kama shi su yi bismilla, ko gezau. Nan take shawara ke rabuwa biyu: wannan ya ce a nemo kafinta ya kwance shi, wancan ya ce a kawo guduma a farfasa dutsen a sayar da katakon. Galibi mai guduma ne ke rinjaye, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai, domin abin da ake farfasawar ya fi duk sauran kayan falon daraja.

Nauyin nan ba na katako ba ne. A ƙarƙashin koren yadin akwai wani baƙin dutse mai tsagewa falle-falle, irin wanda ake yi wa 'yan firamaren da allon rubutu da shi, wato sileti. Cikakken teburin sunuka, mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, falle 5 na wannan dutse ke kwance a kansa, kowanne kaurinsa ya kusa inci 2, kuma in aka haɗa da katako nauyin ya haura tan guda. Ƙananan teburan gida masu ƙafa 7 ko 8, wasu falle ɗaya ne, wasu uku. In ka bi tarihin wasan a hankali za ka ga abu guda aka yi ta nema tun farko: shimfiɗar da ƙwallo za ta gangara a kai ta je inda aka aike ta, ba inda tebur ya ga dama ba.

A Turai wasan biliyad, tushen sunuka, ya tsiro, a ƙarni na 15, daga wani wasa da ake yi a kan ciyawa da sanduna da ƙwallaye. Da aka shigo da shi ɗaki aka ɗora a kan tebur, sai aka shimfiɗa koren yadi a madadin ciyawa, dalilin launin ke nan har gobe. Sarkin Faransa Louis na 11 yana cikin na farko-farko da aka sani da mallakar irin wannan tebur. Shekaru ɗaruruwa katako ne shimfiɗar, shi kuwa katako ba ya tsayawa a magana ɗaya: ya sha danshi ya kumbura, ya bushe ya lanƙwashe. Sai a 1826 wani mai haɗa tebura a Landan, John Thurston, ya fara shimfiɗa sileti, dutsen da ba ruwansa da rani ko damina, kuma ana iya goge shi ya yi sumul. Roba ta biyo baya a gefe, amma ɗanya ce, mai yin laushi da zafi ta daskare da sanyi, har sai an ɗumama ta da ruwan zafi kafin a fara wasa. Da Charles Goodyear ya gano yadda ake dafa roba da farar wuta ta bar wannan hali, Thurston ya sa ta a teburansa a 1845. Fatar nan ta kan sanda kuwa, wani sojan Faransa, François Mingaud, ya ƙago ta a farkon ƙarni na 19, kuma ita ta ba ɗan wasa ikon murza ƙwallo ta bugi 'yar'uwarta ta dawo da baya. Cikin ƙasa da shekara 50 tebur ya kammala zama yadda muka san shi.

Akwai ɓangaren labarin da ya shafe mu tun tebur bai iso ƙasarmu ba. Ƙwallayen wancan zamani da hauren giwa ake sassaƙa su, haure guda kuwa 'yan ƙwallaye kaɗan yake bayarwa. A ƙarni na 19 fataken Hausawa suna cikin manyan masu safarar haure daga Adamawa, daga su Banyo da Tibati da Ngaundare, su kai Kano ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, ko su gangara da shi bakin Binuwai su sayar wa kamfanonin Turawa. A can Turai hauren Afirka ya zama ƙotar wuƙa da madannan fiyano da ƙwallon biliyad. Giwa ta yi ta ƙarewa, haure ya yi tsada, har wani kamfanin tebura a Amurka ya sa ladar dala 10,000 ga duk wanda ya samo madadinsa. Neman wannan madadi ne ya kai John Wesley Hyatt ga haɗa seluloyid wajajen 1869, ɗaya daga cikin robobin farko da masana'antu suka fara sarrafawa. Ƙwallaye masu nagarta na yau da wani ƙaro na masana'anta ake yin su, waɗanda suka fi suna kuwa su ne Aramith na kamfanin Saluc a Beljiyam.

Ita sunuka kanta ƙanwa ce a gidan. A 1875 aka haife ta a garin Jabalpur na Indiya, a mes ɗin hafsoshin sojan Birtaniya, kuma wani matashin hafsa mai suna Neville Chamberlain ake danganta ta da shi, ba wanda ya zama firaministan Birtaniya ba, wani ne daban. Jajayen ƙwallaye 15, masu launi 6, fara guda. Wasan bariki ne tun daga tushe, Kaduna kuwa garin bariki ce tun daga tushe. Gwamna Lugga ya zaɓe ta saboda ruwan kogi da layin dogo, aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917, tare da rundunar sojan Afirka ta Yamma wadda sunanta ya daɗe a kan Titin Waff kafin a mayar da shi Muhammadu Buhari Way. Duk inda Bature ya kafa bariki, daga Indiya har gabashin Afirka har Nijeriya, zai gina kulob, kuma ɗakin biliyad na cikin abubuwan da ba a raba kulob da su. Kamfanonin Ingila irin su Thurston da Burroughes & Watts da Riley su ne masu cika ƙasashen mulkin mallaka da tebura. A akwatuna ake turo su, dutse daban katako daban, jirgin ruwa ya sauke a Ikko, jirgin ƙasa ya haura da su Arewa.

'Yan ƙasa na farko da suka taɓa teburin ba 'yan wasa ba ne, ma'aikatan kulob ne: mai share yadi da buroshi, mai goge shi da ƙaton dutsen guga, mai tsayawa gefe yana ƙirga maki. Su suka san cewa yadin sunuka ulu ne mai gashi, gashin kuma wuri ɗaya yake kwanciya, don haka daga ƙasan tebur zuwa sama kaɗai ake sharewa, ba a komowa da buroshi. Su suka san yadda ake ɗaure noti a sassauta wani har ƙwallo ta daina karkata. Ba wanda ya rubuta sunayensu, amma duk ilimin gyaran tebur da ya saura a Arewa daga hannunsu ya gangaro.

Daga shekarun 1950 zuwa na 1960 gwamnatin Sardauna ta dage kan cika ofisoshi da 'yan Arewa. Manyan sakatarori da injiniyoyi da alƙalai suka shiga gidajen da Turawa suka bari, suka shiga kulob ɗin da da sai dai su hango daga waje. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA ta buɗe a Kaduna a 1964, kowane mes da nasa ɗakin wasa. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo ta, sai kamfanin haɗa Fijo a 1975, sai matatar mai a 1980, kowanne da manyan ma'aikatansa da wurin shan iskarsu. A wannan tsakanin ne tebur ya fito daga kulob ya shiga gida. Wasu sun saye shi ne a hannun Turawa da Indiyawa da Kwarori masu tattara kaya za su koma, musamman bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972. Wasu kuma sun yi odarsa sabo fil, lokacin da kuɗin Udoji na 1974 ya shiga aljihu, naira kuma ta fi dala ƙarfi. Teburin gida ya fi ƙanƙanta, domin cikakken na sunuka yana son ɗaki mai ƙafa 22 da 16, kuma da yawansu na wasan Amurkawa ne, mai ƙwallaye 15 masu lamba wanda ake rufewa da baƙar lamba 8. Shi ne wasan da aka fi yi a ƙasar nan har yau, duk da cewa sunuka muke ce wa duka biyun.

Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi, odar kaya daga waje ta zama sai wane da wane. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk tarihin nan. Kafintoci suka duba tebur suka ce ai mu ma za mu iya. Suka ɗauki siffar, suka maye gurbin kowane abu da abin da ke kusa: filawud a madadin dutse, daga baya katakon garin zarto da ake kira MDF, robar da aka yanko daga tsohuwar taya ko tub a gefe, yadin kujera ko wani kore mai santsi a sama, ragar da aka saƙa da zaren lilo a ramuka. Tebur ya sauko daga GRA ya shiga lungu. A Unguwar Rimi tafiyar minti kaɗan ce tsakanin falon da ke da sileti da rumfar kwanon da ke da filawud, a cikin gari wajen kasuwa. Haka abin ya bazu a Kawo da Badarawa da Tudun Wada da Kakuri da Rigasa. Ƙa'idar rumfa kowa ya san ta: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci shi ke riƙe da tebur har a sami mai tada shi. Gwangwanin hoda a gefe don sanda ta zame a hannu, alli ɗaya an ɗaure shi da zare kada ya yi ƙafa, murafun kwalba da kwali a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. Yaran da suka tashi a kan irin wannan tebur sun san duk gangarensa, har suna lissafi da shi in za su buga.

Da masaƙu suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, dubban gidaje suka rasa albashi, teburin bakin titi ya zama jari. Saurayi ya tara kuɗi ko yayansa ya tallafa masa, ya sa kafinta ya haɗa masa guda, ya samu inuwa ya kafa, ya riƙa samun na cefane. Ba na raina wannan ko kaɗan. Amma a nan ne kuma wasan ya ɓata sunansa, domin inda kuɗi ke kan tebur caca ta shigo, inda caca ta shigo rigima da shaye-shaye ba su nisa. Iyaye da malaman da suka tsani rumfar sunuka suna da hujjarsu, kuma ina tare da su a kan caca ɗari bisa ɗari. Inda na rabu da su shi ne ɗora laifin a kan tebur. Wasa ne na natsuwa da lissafin kusurwa da danne zuciya, wanda ba ya son gaggawa ko hayaniya, kuma yaron da ya iya shi ya koyi tunanin bugu na uku tun bai yi na farko ba.

Yayin da na titi ke yawaita, na gida yana mutuwa a tsaye. Gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, 'ya'yan gidajen suka bi aiki can ko suka tafi karatu waje, sauran kuma dish da wasannin talabijin suka ɗauke musu hankali. Tebur ya zama wurin ajiye akwatunan lefe da buhunan masara da tulin tsofaffin jaridu. Yanayin Kaduna kuma bai raga masa ba. Hunturu ya busar da katako har gaɓoɓi su buɗe, ƙura ta shige yadi ta riƙa cin sa daga ciki, damina ta kawo danshi da fumfuna, asu ya huda ulu, ɓera ya cinye fatar ramuka, gara ta hau ta ƙafa. Gidajen da ke gangaren kogi kuma sun sha ambaliya ba sau ɗaya ba. Roba ita ma tana da ajali: ta bushe ta ƙandare, ƙwallo ta buge ta ka ji ƙwas, ta tsaya nan. Duk da haka, in ka yaye ruɓaɓɓen yadin, dutsen yana nan yadda aka goge shi a masana'anta.

Na ga yadda ake tada irin wannan tebur a gidan wata gwaggona a Unguwar Rimi. Na marigayi mijinta ne, mai ƙafa 8, falle uku, kuma ta hana a sayar duk da an taya. Da jikoki suka fara tasawa ta sa aka nemo wani dattijon kafinta daga kasuwar Tsohuwar Panteka, ya zo da yaronsa guda. Bai taɓa komai ba sai da ya zagaya teburin, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi da tocila, ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa da bayan sukudireba yana saurare.

"Hajiya, gara ta ci ƙafa ɗaya, amma ba ta kai ga firam ba. Dutsen kuma lafiya lau. An auna arziki."

"To Malam, ba sai a canja yadin kawai ba? Yaran nan sun matsa mini."

"Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Yadi shi ne na ƙarshe. In ƙasa ba ta daidaita ba, ko na zinariya aka shimfiɗa aikin banza ne."

Ya kwance notocin katakon gefe ya zuba su a gwangwani, ya sa wa kowane katako lamba da alli. Ya cire ɗaruruwan ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da tsohon yadi, ɗaya bayan ɗaya, don kada katakon da ke manne a ƙarƙashin dutse ya tsage. Fallayen ma ya sa musu lamba da kibiya, domin tare aka goge su a masana'anta, in aka sauya musu wuri ba za su haɗu ba. Aka ɗaga su aka jingina a tsaye, a kan gefensu, ya ce sileti in aka ɗauke shi a kwance yana iya karyewa da nauyin kansa. Ƙafar da gara ta ci ya sassaƙa mata sabuwa da madaci, ya shafe duk katakon ciki da Solignum, ya kankare tsohon fenti da samfefa har asalin launin itacen ya fito.

Ranar daidaitawa ce ta fi tsawo. Ya fara da firam tun ba a ɗora dutse ba, yana aza lebur mai ƙwayar ruwa a tsaye da a gicciye da kusurwa zuwa kusurwa. Da aka mayar da fallayen sai ya koma kansu ɗaya-ɗaya, yana cusa 'yan siraran ɓawon katako a ƙarƙashi, wani wurin ma katin karta ɗaya ne bambancin. Mahaɗin fallaye ya cike shi da filar masu gyaran jikin mota, ya goge har farce ba ya jin gaɓa. Na tambaye shi kakin zuma fa, wanda wasu ke amfani da shi. Ya ce yana yi, amma ba a ɗakin da zafin Maris da Afrilu ke dukan kwanonsa ba, kuma ba a teburin da za a ɗora wa dutsen guga ba. Daga ƙarshe ya ajiye lebur ya ɗauki ƙwallo guda, ya tura ta a hankali a kan tsiraicin dutsen, ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa gefe yana bin ta da ido. Ta ɗan karkata hagu dab da za ta tsaya. Ya ce wa yaron, "Kai, ɗaga min nan," ya zare kati ɗaya, ya sake turawa. Ta tafi sak.

Robar gefe ita ce inda yawancin masu gyara ke faɗuwa. Kowane irin tebur da siffar robarsa: ta sunuka daban, ta teburin Amurkawa mai baki uku daban. Hancin robar kuma dole ya tsaya a tsayin da ya ɗan haura rabin ƙwallo, kusan kashi 63 cikin 100 na kaurinta. In ya yi ƙasa ƙwallo ta riƙa tsalle tana barin tebur, in ya yi sama ya danne ta ta mutu. Ba abin da za a yanko daga taya ya yi wannan aiki. Dattijon ya yanki guntun tsohuwar ya bayar aka aika Ikko aka nemo irinta. Haka yadi. Mai kyau ulu ne, kuma masu saƙa shi a duniya ba su da yawa: Strachan da Hainsworth a Ingila, Iwan Simonis a Beljiyam. Kaduna, garin da ya taɓa zama cibiyar masaƙun Afirka ta Yamma, ko taƙi ɗaya na wannan yadi ba ya saƙawa. Ja shi ma gwaninta ne, daga tsakiya zuwa gefe, da ƙarfi ɗaya ko'ina, har ya zama ba a iya tsunkule shi da yatsa.

Sai maganar ado, inda kowa ke da ra'ayi. Nawa ra'ayin shi ne a raba tebur biyu: abin da ƙwallo ke taɓawa, da abin da ido kaɗai ke gani. Na farko ba a wasa da shi. Na biyu kuwa fili ne, kuma a nan ne ya kamata tebur ya zama namu. Fatar ramuka, alal misali, ba dalilin yin odarta daga waje a ƙasar da jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai. A gidan gwaggona baduku ne ya ɗinka su, masu kauri, ya yi musu ɗan zane a baki, mai saƙar koma kuma ya saƙa ragar. A jikin katakon gaba aka sassaƙa dagin Arewa ƙarami, bai cika ido ba. An yi masa murfin katako mai falle uku, in an rufe ya zama teburin cin abinci ranar Sallah, ya kuma tare ƙurar hunturu. Fitila aka rataya doguwa a sama, aka haɗa ta da sola, don inuwa kada ta faɗa wa ƙwallo. Launin yadi ma zaɓi ne: kore ko shuɗi duk suna hutar da ido, ja da baƙi kuwa suna gajiyar da shi kuma suna tona ƙura. Abin da ba na so shi ne abin da na fara gani a wasu wuraren shaƙatawa: a shafe madacin da ya shekara 50 da farin fentin mota, a zagaye shi da fitilu masu walƙiya, a buga tambarin kulob ɗin ƙwallon Turai a tsakiyar yadi inda fentin zai riƙa karkatar da ƙwallo. Masu buɗe ramuka su yi faɗi don wasa ya yi sauƙi kuma, sun yanke abin da ba ya mayuwa.

Wasan yana dawowa yanzu ta wata ƙofa. Tun 2010 da kamfanin Miniclip ya fitar da 8 Ball Pool, miliyoyin matasa sun koyi ƙa'idojinsa a waya kafin su taɓa riƙe sanda. Cibiyar wasan a duniya ma ta karkata gabas: Ding Junhui ya ci gasar China Open a 2005 yana ɗan shekara 18, a 2025 kuma Zhao Xintong ya zama ɗan ƙasar Sin na farko da ya ci gasar duniya a zauren Crucible na Sheffield, inda ake yin ta tun 1977. Daga Sin ɗin ne kuma sababbin tebura ke shigowa, masu kyau da marasa kyau. Waɗanda suka fi yawa a shagunan Ikko da Abuja na MDF ne, masu sheƙi, mutum biyu na ɗaga su. Damina biyu ko uku ta ishe su su yi ciki a tsakiya, kuma in sun yi, ba gyara. Masu dutse na gaske kuwa, tun da aka saki naira a Yunin 2023, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin masu sha'awa. Wannan ya sa tsohon teburin da ke ƙarƙashin buhunan masara ya fi kowane lokaci daraja, ko da masu shi ba su sani ba.

Akwai kuma abin da teburin gida ke bayarwa wanda rumfa ba ta taɓa bayarwa ba. Yarinya ba ta zuwa rumfar sunuka, kuma ba mai son ta je. A falon kakarta kuwa tana ɗaukar sanda kamar kowa, kuma a gidan da na ambata wata jika ce 'yar sakandare ke tada yayyenta maza ɗaya bayan ɗaya. Ba kuɗi a kan tebur, an ji kiran salla an jingine sanduna, uba ya san inda ɗansa yake da magariba.

Damuwata tana wurin masu gyaran. Aikin nan ya haɗa sana'a uku, ta kafinta da ta mai ɗinkin kujera da ta baduku, ga kuma ma'aunai da ba a yi musu kusan-kusan. Masu haɗa teburan titi suna da yawa a Panteka, hannunsu kuma yana da kyau, amma akasarinsu ba su taɓa kwance mai dutse ba, waɗanda suka taɓa kuwa tsufa ya cim musu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, maƙwabciyar kasuwar, ta riga ta fara haɗa kai da masu sana'ar Panteka don ba su takardar shaidar ƙwarewa, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ita ma a Kaduna hedikwatarta take. Ba abu mai wuya ba ne a samo tsohon tebur guda daga ɗaya daga cikin gidajen da ake rushewa, a kafa shi a wurin koyarwa, a zaunar da dattawan nan tun suna da ƙarfi su kwance shi su mayar a gaban yara, wani kuma yana gefe da biro yana rubuta tsayin roba da faɗin rami da yadda ake jan yadi, da Hausa.